Daƙiƙa Biyun Babu-Gwaji

Wani mutum ne a wurin aikinmu, Nafi'u sunansa na yanka. Amma in ka je Samaru ka ce Nafi'u kake nema, sai a yi ta kallonka. Ce Babu-Gwaji ka gani, yanzu a nuna maka teburinsa. Kuma kada ku ɗauka wani ne ya laƙaba masa sunan don tsiya. Shi ya raɗa wa kansa, ya je aka buga masa sitika, ya manna a bayan laftof ɗinsa da manyan baƙaƙe.

Bari in gaya muku inda sunan ya samo asali. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da al'ada guda da ko ɗan koyon sati biyu ya sani. Duk abin da ka rubuta, ba ka sakinsa a kan kayan gaske sai ka fara gwada shi a kan tarkacen banza. Ko mai miya tana ɗanɗana gishiri kafin ta zuba wa baƙi. To shi Nafi'u ya ce wannan aikin matsorata ne.

"Gwaji? Ni?" Haka zai ce, yana karkaɗa ƙafa. "Wanda bai yarda da hannunsa ba shi ke gwaji. Ni in na rubuta, kwamfuta ce ke gyara zama."

Kai jama'a! Mun ji cika baki a wurin bawan Allahn nan har kunnuwanmu suka yi kanta. Ya ce yaren manhajar nan Python a mafarki ma yana rubuta shi. Ya ce abin da mu za mu yi a layi ɗari, shi a layi ɗaya yake murƙushe shi. Allon kwamfutarsa kullum baƙi ƙirin da koren rubutu, don duk wanda ya leƙo ya ji tsoro. In ɗalibi ya kawo masa tambaya, sai ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai ba matakina ba ne, je wurin Lawandi." Lawandi kuwa ni ne. Shekara huɗu ina share masa tambayoyin da bai san amsarsu ba.

Ba wai bai iya komai ba, kada in ɗauki alhakinsa. Ya iya abin da kowa ya iya. Daga nan kuma sai baki.

Cibiyar tamu ta koyar da kwamfuta ce, ta Malam Isiyaku, wani dattijo tsohon malamin lissafi wanda in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Wata Litinin ya tara mu ya ce zai buɗe sabon aji, ajin ƙwarewa. Ba na 'yan koyo ba ne, na waɗanda suka riga suka iya ne, ma'aikatan banki da na asibiti da malaman jami'a, masu son su koyi rubuta sikirif na gaske. Sikirif shi ne 'yar gajeriyar manhajar da za ka rubuta ka ɗora mata aikin da ya gundure ka, ta riƙa yi da kanta kana shan shayinka. Malami ɗaya ake so. Mutum biyu ya zaɓa su gwabza, Nafi'u da Malama Murjanatu. Ranar Alhamis ta sama, kowa ya zo ya nuna aikin hannunsa a gaban ɗaliban, wanda ya fi shi ke da aji.

Kafin Malam Isiyaku ya rufe baki, Nafi'u ya riga ya ci kujerar a ransa. Washegari ya kai wa tela shadda. Ranar Laraba ya zo da katin gaisuwa an buga, "Injiniya Nafi'u, Babban Malami, Ajin Ƙwarewa." Har ni ya ba ni guda biyu, wai in ba wani.

Ita kuwa Murja, 'yar Funtuwa ce, ba ta da hayaniya. Aikinta a hankali take yi, har ya ba ka haushi. Tana da wata ɗabi'a: duk layin da ta ga yana da muhimmanci, sai ta rubuta ɗan bayani a gefensa ta sa sunanta, don wanda zai karanta bayanta ya san wa zai tambaya. "Murja: kada a canja wannan sai an gwada." "Murja: nan yake tsayawa in faifai ya cika." Irin haka. Wannan abu yana ba Nafi'u dariya ƙwarai.

"Ƙanwata," in ji shi, "wannan manhaja kike rubutawa ko wasiƙa? Ƙwararre ba ya bayani."

Sai ta ce, "To, Injiniya." Ta ci gaba da aikinta.

Akwai wani sikirif da ta rubuta wa cibiyar. Kullum bayan la'asar yana bin kwamfutocinmu ɗaya bayan ɗaya, ya kwafe aikin kowa ya zuba a faifan ajiya, saboda ɓacin rana. Minti ashirin yake ɗauka. Kowa ya yarda an sa kwamfutarsa a jeri, ban da mutum ɗaya. Nafi'u ya ce shi ba zai bari sikirif ɗin 'yan koyo ya taɓa masa laftof ba. Ku riƙe wannan.

To, kwana ya fara ƙarewa, gogan naku ya buɗe jakar aikinsa yana neman abin da zai nuna. Ya duba nan, ya duba can. Abin da ke sa rubutu ya yi ta zubowa kamar ruwan sama. Abin da ke zana sunansa da taurari. Babu guda ɗaya da ma'aikacin banki zai biya kuɗin mota ya zo ya gani. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, yau ga ƙasa ta samu.

Abin da ya yi, daga baya muka sani. Ranar Alhamis, saura sati guda, an fita sallar azahar, sai ya shiga jakar da muke tarayya a kanta ya kwashi sikirif ɗin Murja ya kai laftof ɗinsa. Layi ɗari da arba'in da bakwai ne. Mai hankali ko sata zai yi, ai ya zauna ya karanta abin da ya sata. Ina! Girman kai ba zai bar shi ya karanta aikin ƙanwarsa ba. Damuwarsa ɗaya ce, sunan Murja da ke warwatse a ciki. Sai ya rubuta umarni guda, irin layi ɗayan nan da yake taƙama da shi: duk layin da ke da kalmar Murja, a share shi. Ƙyat! Layi goma sha ɗaya suka tafi. Ya sa wa abin suna Walƙiya, ya canja launin rubutun zuwa kore, ya jona faifansa ya danna.

Sunayen fayiloli suka zubo a allo, shaaa! Kafin ya ƙifta ido sai ga rubutu: "An gama. Fayil dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da shida."

Daƙiƙa biyu.

Aikin minti ashirin a daƙiƙa biyu! Wallahi ko ɗan ajin farko ya ga haka zai ce akwai lauje cikin naɗi. Shi kuwa Nafi'u sai ya kwanta a kujera ya yi murmushi. Wai ashe surutun nan da Murja ke rubutawa a gefe shi ke yi wa abin nauyi. Ku ji fa! Bayanin gefe, wanda kwamfuta ko kallonsa ba ta yi. Mutumin da ke rubuta Python a mafarki ke nan.

Satin nan ba mu sha ruwa ba. A wurin mai ɗanwake, Walƙiya. A bakin masallaci, Walƙiya. Kullum sai ya danna a gabanmu, rubutu ya zubo, ya kalli agogon hannunsa ya ce, "Biyu." Ni dai abin bai kwanta mini ba, na ce masa, "Injiniya, ka kuwa buɗe faifan ka ga abin da ke ciki?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Lawandi, in direba ya ce an iso Kano, sauka kake yi ka auna hanya? Ya ce an gama, an gama. Shi ya sa har yanzu kake ajin 'yan koyo."

Na ce Allah ya ba da haƙuri.

Ranar Alhamis da hantsi zaure ya cika. Mutum talatin da wani abu, manyan mutane, kowa da laftof a cinya. An kunna majigi yana haska allon kwamfuta a bango. Malam Isiyaku yana gefe da littafinsa da tabarau a kan karan hanci. Nafi'u ya shigo cikin sabuwar shadda tana ƙara, ƙamshin turare ya riga shi isowa.

Murja ta fara. Gaskiya in faɗa muku, nata babu armashi. Wani sikirif ta kawo mai tace bayanan marasa lafiya. Ta nuna yadda ake sa shi ya kama kuskure maimakon ya faɗi, yadda yake rubuta rahoton duk abin da ya yi, yadda in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Kowane mataki sai ta gwada a kan bayanan ƙarya tukuna. Ta lalata fayil da gangan, ta nuna ya gane. Ta sake lalata wani. Wasu na rubutu, wasu na hamma. Nafi'u daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Lawandi, a taimaka mana da tabarma." Aka ɗan yi dariya. Murja ba ta ko juyo ba.

Sai nasa ya zo. Ya tashi ya gyara hula, ya tsaya a gaban mutane ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun ga yadda ake yi a da. Yanzu ku ga yadda ake yi a yau. A cibiyar nan ana ɓata minti ashirin kullum wajen ajiye aiki. Ban ambaci sunan kowa ba. Ku dubi agogonku."

Ya danna. Shaaa! "An gama."

"Nawa kuka gani?"

Wani mai ƙaton tumbi daga banki ya ce, "Biyu!"

Zaure ya ɗauki tafi, raf raf raf! Nafi'u ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, kai ka ce kambu aka ɗora masa. Wata malamar jami'a ta tambayi sirrin abin, ya ce mata wannan sai a darasin mako na tara, yanzu ƙwaƙwalwa ba za ta ɗauka ba.

Malam Isiyaku ya ɗago kai ya ce, "Nuna mana cikinsa."

Nan ne Nafi'u ya so ya noƙe. Amma ba yadda zai yi, ya buɗe, yana gungurawa da sauri don kada ido ya zauna. Ni ina kusa da Murja. Na ga ta ɗago. Na ga ta ƙanƙance ido. Uwa ai ba ta ɓata ɗanta ko an yi masa aski. Na zaci za ta tashi ta yi ihun ɓarawo, sai na ga fuskarta ta canja wani iri, ba fushi ba, tsoro. Ta ɗaga hannu.

"Injiniya, ka taɓa dawo da abin da ya ajiye?"

"Dawo da shi? Don me? Ya ɓata ne?"

"A'a. Ina nufin ko ka taɓa gwadawa."

Kalmar ke nan da ba a faɗa masa. Ya juya ga jama'a yana dariya. "Kun ji ko? Gwaji! To ga fili ga mai doki. Yanzu a gabanku zan goge jaka guda sukutum, in dawo da ita kafin ku ce kwabo."

Malam Isiyaku ya ce, "Ban da kayan cibiya."

"Yallaɓai, ba na wasa da kayan mutane. Nawa zan goge."

Ya buɗe wata jaka a laftof ɗinsa mai suna GADO. Ya shiga yi mana bayanin abin da ke ciki, yana lissafawa da yatsu. Aikinsa na shekara bakwai. Kundin digirinsa. Takardun shaidarsa. Da darussan mako goma sha biyu na ajin ƙwarewa, waɗanda ya ce ya tsara su tun kafin Malam Isiyaku ya yi tunanin buɗe ajin.

Murja ta miƙe tsaye. "Don Allah kada ka goge. Buɗe faifan ka duba tukuna."

"Zauna, ƙanwata. Naki lokacin ya wuce."

"Wallahi Nafi'u ba wasa nake ba. Akwai layin da babu a ciki."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin ta kira sunansa gatsau. Ko wannan ya isa ya sa mutum ya tsaya. Shi kuwa sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce wa jama'a, "Hassada ga mai rabo taki ce."

Kuma da ya tsaya a gogewa irin ta kowa, wadda abu ke faɗawa kwandon shara a tsamo shi, da da sauƙi. Ina, ai wannan ta 'yan koyo ce. Ya ce shi gogewar ƙwararru zai yi, wadda ke bi ta kan fayil ta murje shi sau uku, ko aljani ba zai tono shi ba. Ya ƙara da cewa kwamfutar wasu tana tambayarsu ko sun tabbata, tasa kuwa ya daɗe da hana ta wannan rashin kunyar. Ya ɗaga yatsa sama ya riƙe, don kowa ya gani. Sai ya sauke shi, ƙwas!

Wannan kam ya ɗauki lokaci. Muna zaune muna kallon GADO tana narkewa, shi yana zagaya zaure hannu a baya yana ba da labarin yadda aka taɓa nemansa aiki a ƙasar waje ya ƙi. Da ta gama ya nuna mana. Wayam.

"To yanzu ku buɗe ido."

Ya buɗe faifan ajiya. Ga jakunkuna bakwai a jere reras, kowace da kwanan watanta. Ya kalle mu ya ɗaga gira. Ya danna ta yau.

Wayam.

Ya ce, "Majigin ne bai nuna ba." Ya leƙa allon laftof ɗin da kansa. Ya danna ta jiya. Wayam. Ta shekaranjiya. Wayam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai, kowace fayau kamar an wanke ta da sabulu.

Ya zare wayar faifan, ya hura mata iska, fuu fuu, ya mayar. Babu. Ya ce wayar ce ta China, a ba shi wata. Na cire tawa na miƙa masa da hannu biyu, don ni ma ina son ganin ƙarshen abin. Ya jona. Babu. Ya kashe laftof ya kunna. Gumi ya keto masa, sabuwar shadda ta jiƙe sharkaf ta manne a baya. Hula ta koma ƙeya. Don ruɗewa sai ya sake danna Walƙiya, ita kuwa ba ta san an yi mutuwa ba, ta amsa masa da koren rubutu a bango kowa na gani: "An gama. Fayil sifili."

Mai tumbin nan ya dubi agogo ya ce, "Wannan ma ko ɗaya bai kai ba."

Wani ya tuntsire a baya ya toshe baki.

Malam Isiyaku bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama Murja, kin ce akwai layin da babu."

Ta fito. Ta jona tata kwamfutar, ta buɗe sikirif ɗinta na cibiya a gefe guda, ta kwafo Walƙiya daga laftof ɗinsa ta buɗe a ɗaya gefen. Kowa ya gani da idonsa, tagwaye ne. Layi da layi, har da wani kuskuren harafi da ta yi tun bara. Bambancin kawai, nata akwai sunanta, nasa an yi masa kaciya. Ta gangara a hankali ta tsaya a layi na tamanin da takwas. A nata akwai shi. A nasa babu.

Ta ce, "Na sama yana karanto sunayen fayiloli. Na ƙasa yana cewa an gama. Wannan na tsakiya shi ne mai kwafewa."

Malam Isiyaku ya ce, "Me ya kai shi ga gogewa?"

"Akwai ɗan bayani a ƙarshensa, Malam. Da sunana."

Wato sati guda cur, Walƙiya kiran suna kawai take yi kamar kwandasta a tasha, ta ce an gama, mota ba ta motsa ba.

Malam Isiyaku ya gyara tabarau ya ce, "Injiniya, idona ba ya gani daga nan. Karanta mana bayanin."

Nafi'u ya kalli ƙofa. Ta yi masa nisa. Ya fara karantawa ƙasa-ƙasa.

"Da ƙarfi," in ji Malam.

Ya karanta: "Murja: duk aikin a wannan layin yake, sauran 'yan rakiya ne."

Wayyo Allah cikina! Zaure ya kece. Malamar jami'a ta kifa kai a kan laftof tana bubbuga tebur. Mai tumbi har da hawaye. Ni kam ban ɓoye ba, na yi dariyar shekara huɗu a zama ɗaya, ban kuma ji tausayinsa ko na ƙwayar zarra ba. An ce masa bari sau biyu, ya zaɓi hoho.

Cikin hayaniyar ya matsa kusa da Murja, ya sassauta murya, amma makirufo na maƙale a wuyan rigarsa bai sani ba. Kowa ya ji.

"Ƙanwa... Malama Murja. Ranki ya daɗe. Ko naki na la'asar ya taɓa kwafe nawa?"

"Kai ka hana, Injiniya. Ka ce na 'yan koyo ne."

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ya tsaya tsuru-tsuru a gaban mutum talatin, katunan Babban Malami sun leƙo daga aljihun gaba. Da ya yi shiru ya fita, da wataƙila ya tsira da ɗan abin da ya rage. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya share gumi, ya ƙaƙalo murmushi, ya ɗaga hannu wai a saurara.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ai wannan... gwaji ne kawai nake yi."

Daidai lokacin murfin laftof ɗinsa na fuskantar jama'a, ga sitika ɓaro-ɓaro: BABU-GWAJI.

Malam Isiyaku ya bari dariya ta lafa. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya rufe, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Madalla, Injiniya, gwaji ya yi kyau. Ranar Litinin ka zo ajin Malama Murja da wuri, ka samu kujerar gaba. Ba sai ka sayi littafin rubutu ba, na ga akwai fili a laftof ɗinka."